Ranar da Inna ta kira sunana

Ko zan manta abin da na ci jiya da rana, ba zan taɓa manta wani yini na cikin kwanakin Babbar Sallah da muka yada zango a gidan zu ba. Mutane in sun je gidan namun daji, labarin zaki suke dawowa da shi, ko na giwa. Ni ma na ga zakin, na ga giwar, amma wallahi ba su na riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne, a ranar ce mahaifiyata ta kira sunana da bakinta. Kafin ranar ba ta taɓa ba, kuma daga ranar har yau da nake da nawa 'ya'yan ba ta sake ba.

Bari in yi bayani, don na san yaran yanzu za su ce wace irin uwa ce wannan. Mu mutanen Rurum Sabon Gari ne, Fulanin gida, ga 'yan shanunmu ga gonarmu. Ni ce 'yar fari a ɗakin Inna. A wajenmu kuwa mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta ma yarda a ga tana kallonsa. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. To ni abin nawa ya zo da ƙari, domin sunan Dada aka sa mini, wato kakata ta wajen uba, surukar Inna. Sunan 'yar fari ga shi kuma sunan suruka, ina Inna za ta kai wannan kaya? Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Dada, a can na tashi. Dada tana ce mini Takwara, mahaifina, wanda muke kira Baffa, yana ce mini Uwata. Inna kuwa in ta matsu sai ta ce "ke", in kuma da wani take magana sai ta ce "'yar Dada", kamar wata baƙuwa ce aka kawo riƙo.

Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Ina gani za ta zaunar da ƙanena a cinya tana ba shi fura tana kiran sunansa har da waƙa, ni kuwa in na shigo tsakar gida sai ta sami abin yi a madafa. Wata rana na kasa haƙuri na tambayi Dada, na ce, "Wai don Allah Inna ce ta haife ni?"

Dada ta ce, "Ina fa! A kasuwar Rano muka sayo ki, ke da wata tukunya. Tukunyar ma ta fi ki auki."

Ta yi ta dariya har da tari, ni kuwa na koma bayan rumbu na sha kukana. A lokacin ban fi 'yar aji uku a firamare ba, kuma na riga na yanke wa kaina hukunci cewa in ana lissafin 'ya'yan Inna, ba na ciki.

A shekarar ne aka sa bikin ƙanen Baffa a wani gari can arewa da birni, aka haɗa shi da hutun Sallah. Sauran dangi sun riga mu tafiya, mu kuma muka bi motar wani maƙwabcinmu: Baffa a gaba, Dada da ni da Inna da ƙanena a baya, ga jaririya a bayan Inna. Tun daga Rano Dada take yi mini huɗuba. Ta ce, "Takwara, birni za mu ratsa, ba Rurum ba ce. Ki riƙe zanina ko'ina. In kika ɓata, ki tsaya wuri ɗaya. Ko sunanki aka kira, ko na ubanki, in ba muryar da kika sani ba ce, kar ki amsa. Masu satar yara babu abin da ba su sani ba." Na ce to. Ashe wannan huɗuba ita za ta kusa haukata gidanmu gaba ɗaya.

Muna shiga birni motar ta fara tari tana fizga. Mai motar ya ce dole ya kai ta wajen bakanike, kuma gyaran zai kai la'asar. Baffa ya duba mu, ya duba garejin da babu ko inuwar kirki, sai ya ce, "Maimakon mu zauna muna shaƙar baƙin mai, ku zo in kai ku ku ga namun daji. Dada, yau za ki ga giwa ido da ido." Dada ta ce ita ba giwa take son gani ba, a kai ta wajen kura, suna da tsohuwar magana.

Tabɗi! Ban taɓa ganin taron mutane irin na ranar ba. Ba masaka tsinke. Yara da kayan Sallah, 'yan mata da lalle, masu sayar da ƙanƙara da rake da balan-balan, masu hoto suna ta kiran a zo a ɗauka. Na damƙe gefen zanin Dada muka kutsa.

Da muka isa wajen kura, Dada ta dogara sandarta ta ƙare mata kallo. Tun tana amarya wata kura ta sauko daga duwatsu ta ɗauke mata maraƙi, kuma ba ta huce ba. Ta ce, "Ke ce nan? Ashe nan kika ƙare, la'ananniya! Ina maraƙina?" Na ce, "Dada, ai ba ita ba ce." Ta ce, "Rufe mini baki, duk danginsu ɗaya." Mutanen da ke wajen suka kwashe da dariya, kurar kuwa ko a jikinta, sai zagaye take yi. Baffa shi ma bai bar mu mun huta ba. Da ya ga ɓauna sai ya shiga duba wuyanta da ƙugunta kamar mai ciniki a kasuwar shanu, ya girgiza kai ya ce da zai sami biyu irinta ya ɗaura musu garma, da kafin hantsi ya gama huɗar gonarsa. Har Inna sai da ta rufe baki da mayafi tana dariya. Da muka zo wajen raƙumin dawa ta ɗaga ƙanena sama ta ce masa ya kalli wuya. Ni ma ina gefenta, ina son in ce mata na gani, amma na san ba za ta juyo ba, sai na gaya wa Dada.

Wajen zaki ya fi ko'ina cika. Muna cikin turmutsutsun, ban ma gama hango shi sosai ba, sai ya miƙe ya yi wani irin ruri da na ji shi har cikin haƙarƙarina. Kafin rurin ya mutu, wani daga baya, Allah kaɗai ya san ko wane ne, ya ƙwala ihu: "Ya ɓalle! Zaki ya fito!"

Ai fa shi ke nan. Ƙafa me na ci ban ba ki ba. Manya da yara, maza da mata, kowa ta kansa yake. Faranti na rake ya tashi sama, takalma suka watse, mata na salati yara na ihu. Wani ƙato ya bangaje mu, zanin Dada ya suɓuce daga hannuna. Na faɗi, na tashi, na duba ta tsakanin ƙafafun mutane, sai na hango Inna. Ta suri ƙanena da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana jan wani abu da ban gani ba, ga goyo a baya, tana yin gaba. Ba ta waiwayo ba. Wallahi tsoron zaki daban, abin da na ji a ƙirjina a lokacin daban. Na ce a raina, to ga shi nan, ta kwashi nata ta tafi.

Na ruga inda ƙafata ta kai ni, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya babu. Can bayan wajen kunkuru na ga wasu manyan bututun siminti irin na kwalbati an ajiye su cikin ciyawa. Na rarrafa na shige ɗaya, na dunƙule, na toshe bakina da ɗankwalina don kar zaki ya ji numfashina. Ban san zakin nan ko taku ɗaya bai yi daga kejinsa ba, ƙarya ce kawai wani ya yanka. A hankali ihun ya lafa, na fara jin mutane suna magana har da dariya, amma na ƙi fitowa. Dada ta ce a tsaya wuri ɗaya, kuma ni a sanina zaki yana nan yana yawo.

Can sai na ji lasifika ta yi ƙara daga saman bishiya. Muryar wani namiji ta ce ana cigiyar wata yarinya, ya faɗi sunana, ya faɗi na Baffa, ya ce daga Rurum, in tana ji ta zo bakin ƙofa iyayenta suna jira. Na ce lallai Dada ta yi gaskiya, ga su nan, har garinmu sun sani. Na ƙara matsawa cikin bututun. Ya sake kira, ya sake, ni kuwa ko motsi. Ina kuka ƙasa-ƙasa ina cewa ko an neme ni ma Dada ce za ta nema, ita kuwa ga tsufa, wa ya sani ko an tattake ta.

Abin da ke faruwa a waje ban san shi ba sai daga baya, daga bakin Dada, wadda ta ba ni labarin ya fi a ƙirga, kuma kullum da sabon gishiri. Ashe abin da na ga Inna tana ja da ɗaya hannun, Dada ce, ta faɗi ana neman bi ta kanta. Inna ta ja ta har gindin wata bishiya, ta zaunar da ita, ta dire mata ƙanena, ta kwance goyo ta ɗora mata jaririyar a cinya. Sannan ta juya. Duk duniya na gudu daga wajen zaki, ita kaɗai ta nufi can, tana ture mutane da kafaɗa, mayafi ya tafi, takalma suka tafi. A lokacin babu wanda ya san ƙarya ce. Wani ma'aikacin wurin ya tare ta ya ce, "Baiwar Allah, ina za ki? Ba ki ji abin da ake faɗa ba?" Ta ce, "'Yar Dada tana can." Ta kauce masa ta wuce. Ku ji fa, ana maganar zaki, amma ko a nan ba ta yarda ta ce 'yarta ba.

Ta je har gaban kejin. Zaki na kwance abinsa yana hamma, ni kuwa babu ni, sai takalmina ɗaya a ƙasa. Ta ɗauka. Ta zagaya wajen birai, ta leƙa wajen kada, Dada ta ce da Inna ta dawo daga wajen kadan nan fuskarta ba ta kallo ba ce. Baffa shi kuma ya yi waje, ya bi titi yana tare masu babur yana tambaya ko sun ga an fita da yarinya. Aka kai Inna da Dada ɗan ofishin da ke bakin ƙofa, inda mai lasifika yake. Ya tambayi sunan yarinya. Inna ta sunkuyar da kai. Dada ce ta faɗa, da na Baffa, da garinmu. Ya yi ta kira. Sunan nan namu kuwa ya yi yawa a ƙasar nan, 'yan mata suka yi ta leƙowa, babu ni a ciki. Rana ta fara sanyi, masu tafiya suna tafiya.

Sai Dada ta dafe kai ta ce, "Wayyo ni! Ni na ce mata kar ta amsa muryar da ba ta sani ba." Mutumin ya miƙa mata makirfo ya ce to ta kira da kanta. Dada ta yi ƙoƙarin ɗaga murya, ina! Faɗuwa da kuka sun tafi da muryar, sai wani shaƙe-shaƙe ke fita. Mutumin ya juya wajen Inna ya ce, "Ke ce uwarta?" Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ya ce, "Baiwar Allah, yaro muryar uwarsa ya sani. Karɓi ki kira ta."

A cewar Dada, Inna ta tsaya kamar an dasa ta. Matar da ko abinci ba ta taɓa ci a gaban surukarta ba, matar da in tana magana sai ka matso kafin ka ji. Ga maza cike da ƙofar ofis suna kallo, kanta ba mayafi. Ta dubi takalmin da ke hannunta. Sai ta durƙusa a gaban Dada har ƙasa, ta ce, "Dada, ki yafe mini." Ta miƙe ta karɓi makirfo.

Ina cikin bututu na ji lasifika ta sake ƙara. Na toshe kunne ɗaya, don na gaji da muryar mutumin nan. Sai na ji sunana. Ba Takwara ba, ba Uwata ba, sunana na yanka, cikakke, da muryar mace tana rawa. Na san muryar, amma ban taɓa jin ta ɗauke da wannan suna ba, shi ya sa na yi tsai kamar ba ni ake kira ba. Ta sake kira, wannan karon da ƙarfi, irin kiran da ake yi wa wanda ya yi nisa a daji. Ta sake. Sannan ta ce da Fulatanci, "Ɓingel am, war!" Wato 'yata, zo. Sai ta koma Hausa, ta ce, "Ni ce, Innarki ce. Babu zaki. Ki fito, ina bakin ƙofa." Kowane reshe na gidan zu ɗin nan yana da lasifika, kuma kowace ta faɗa.

Ban san lokacin da na fito ba. Na san dai na kurje gwiwa a bakin bututun kuma ban ji zafi ba. Na yi ta gudu da takalmi ɗaya ina ihu ina cewa ga ni, ga ni, mutane suna buɗa mini hanya suna nuna mini ƙofa, wata mata tana cewa, "Ga ta nan, Allah mun gode, ga 'yar nan!" Na hango Inna tsaye a ƙofar ofis, ƙafa ba takalmi, kai ba mayafi, zani duk ƙasa. Ta taho da sauri ta durƙusa, ta shafa kaina, ta matsa hannuwana, ta juya ni ta duba bayana, ta duba gwiwar da ke jini. Ta dube ni cikin ido, kallon da ban taɓa samu ba, har na ga kaina a ciki.

Sai kuma ta tuna da mutane. Ta miƙe, ta ja gefen zaninta ta rufe kai, ta miƙo mini takalmin tana kallon wani wajen. Ta ce, "Ungo, sa." Ta juya wajen Dada, murya ta koma ƙasa kamar kullum, ta ce, "Dada, ga 'yarki nan."

Muryar Dada da ta ɓata sai ga ta ta dawo. Ta ce, "'Yar wa? Ai kuma an gama wannan. Duk birni ya ji mai ita."

Mutanen wajen suka fashe da dariya, har da mai lasifika. Inna ta rasa inda za ta sa kanta, ta karɓi jaririya ta shiga ɗaura goyo kamar shi ne babban aikin da ke gabanta. Baffa ya shigo yana haki. Ya ce yana can bakin titi ya ji kiran ta saman katanga, ya tsaya cak, don shi tun da ya aure ta bai san tana da murya haka ba. Dada ta cire nata mayafin ta yafa wa Inna da hannunta, ta ce, "Na yafe miki duniya da lahira. Da ba ki kira ba, da shi ne ba zan yafe ba."

Da muka koma mota, na zo zan zauna gefen Dada kamar yadda muka taho, sai na ji an ja ni. Inna ce, ba ta dube ni ba, taga take kallo. Ta zaunar da ni kusa da ita, ta kama wuyan hannuna a ƙarƙashin mayafi inda ba mai gani. Har muka isa garin biki ba ta saki ba. Da muka sauka sai da na ga shatin yatsunta a fatata. Na yi ta kallon shatin nan ina addu'a kar ya goge da wuri.

A gidan biki kuwa Dada ba ta bar labarin ya kwana ba. Kafin a ɗaura aure kowa ya ji. Mata suka sa Inna a gaba, wannan ta ce ashe muna da mai sanarwa a dangi, waccan ta ce a kawo mata lasifika ta yi wa amarya kirari. Inna sai ta gudu ɗaki ta rufe fuska. Ni kuwa ina tsakiyarsu ina fankama, duk wadda ta tambaye ni ko ni ce aka kira, sai in ce e, ni ce, Innata ce ta kira ni, kuma wajen zaki ta je nemana ita kaɗai. Har yau in na faɗi wannan magana sai na ji kaina ya yi girma. Mutane suna alfahari da iyayensu don dukiya ko sarauta ko karatu. Ni tawa uwar ta tunkari zaki ba takalmi, sannan ta yi abin da ya fi tunkarar zakin wuya a wajenta.

Muna komawa Rurum komai ya koma yadda yake. Na koma "ke", na koma "'yar Dada". Amma ban sake zuwa bayan rumbu ba. Sai ma na fara ganin abubuwan da da ba na gani: ashe furar da Dada ke ba ni kullum da man shanu a sama daga ɗakin Inna take fitowa, ashe in na yi zazzaɓi ita ce ke kai-kawo a ƙofar ɗakin Dada tana neman tsintsiyar da ba ta ɓata ba.

Yanzu ina aure a Kibiya. Dada ta rasu, Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta. Ni ma ina da 'yar fari, kuma ni kam ina kiran sunanta safe da yamma, har da tsawa. In Inna ta zo ta ji, sai ta girgiza kai ta ce 'yan zamani ba ku da ta ido. Kwanakin baya yarinyar ta tambaye ni, a gaban Inna, wai me ya sa kakarta ba ta kiran sunana, ko ba ta sona ne? Inna ta yi sauri ta miƙe wai za ta duba tukunya. Na ce wa 'yata, "Ta taɓa kira sau ɗaya, kuma ya ishe ni."

Abin da ranar nan ta koya mini ke nan, kuma shi nake gaya wa duk ɗan farin da na ga yana ƙunci. Kunyar iyayenmu faifai ce a kan ƙwaryar nono. Wanda ya tsaya kallon faifan sai ya rantse babu komai a ciki. Kar ka auna son da ake maka da yawan kiran sunanka. Ka duba wa zai juyo ya nufi wajen zaki ranar da kowa ke gudu.